Yadda za ka ci gaba da cin kayan lambun gidanka bayan ruwa ya ɗauke

Jama'a assalamu alaikum. Yawancinmu masu ɗan taɓa shuka a tsakar gida ko bayan ɗaki, da ruwa ya ɗauke shikenan an tashi daga aiki, kuɓewa ta tsufa ta zama itace, alayyahu ya yi kai ya zubar da iri, awaki su shigo su ƙarasa abin da ya rage, sai kuma wata daminar in da rai. Alhali a ƙasar Hausa babu lokacin da kayan miya suka fi so kamar daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Ku duba Kadawa da Kura da Garun Malam a Kano, tumatirin da ake lodawa a manyan motoci zuwa kudu ai ba na damina ba ne, na rani ne da ruwan dam ɗin Tiga. Haka albasar Aliero a Kebbi, haka ta Galmi a Nijar. Dalili kuwa a lokacin dare ya yi sanyi, babu ruwan sama mai dukan ganye yana watsa cuta, rana kuma ga ta wadatacciya. Abin da ya rage maka shi ne ruwa da kuma fara aiki a kan lokaci, kuma a nan ne mutane suka fi faɗuwa.

Da farko ka yi lissafi da baya

Kar ka fara da tambayar yaushe zan shuka, fara da yaushe zafi zai dawo. A Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi daga watan Maris zafi ya fara kankama, zuwa Afrilu ana kai maki 40 da ɗoriya. Shi kuwa tumatir in zafin rana ya wuce kamar 35 kuma dare bai huce ba, fure kawai zai riƙa yi yana kakkaɓewa, ka ga itace kore shar babu ɗa ko ɗaya. Latas ya yi ɗaci ya miƙe sama, kabeji ya ƙi naɗewa da kyau. To tumatir yana cin kamar sati 4 a wurin reno, wato inda ake zuba iri ya ɗan tasa kafin a dasa shi, sannan wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe kafin ka fara tsinka, ka ga wajen wata uku da rabi ke nan. In ka zuba iri daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, za ka fara ci a Janairu ka ci gaba har cikin Fabrairu hankali kwance. Wanda ya jira sai Disamba da sanyi ya kama shi sannan ya tuna da lambu, to shi da zafin bazara za su iso tare.

Ma'ana reno tun ruwa bai gama ɗaukewa ba ake fara shi. Kuma garuruwa sun bambanta fa, can sama wajen Sakkwato da Damagaram ruwa kan ɗauke da wuri cikin Satumba, Kano zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, Zariya da Kaduna kuwa yana iya kai su cikin Oktoba sosai. Kowa ya san garinsa.

Na biyu, ka auna ruwanka kafin ka auna fili

Wannan shi ne zai faɗa maka girman lambun da za ka yi, ba sha'awarka ba. A lokacin hunturu iska busasshiya ce, kowane murabba'in mita ɗaya na shuka yana shan kamar lita 5 zuwa 6 a rana in shukar ta girma. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 ke nan yana neman kusan jarka guda ta lita 20 kullum. In kana da rijiya ko bohol a gida, Alhamdulillahi ka yi yadda kake so. In kuwa a wurin 'yan ga-ruwa kake saye, zauna ka lissafa jarka nawa za ka iya warewa kullum na tsawon wata huɗu ba fashi, in biyu ce to fangali biyu za ka yi, kar ka ƙara. Fangali biyu da suka ƙoshi sun fi shida da ake ba su ruwa yau a hana su gobe.

Ruwan alwala, ruwan wanke shinkafa da wake da ganye, duk a tara a bokiti, suna da amfani. Amma ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, kar a zuba, a hankali suke kashe ƙasa. Ruwan kwata kuma ko kusa, musamman ga latas da karas da ake ci ɗanye.

Na uku, ka bi tsofaffin shukokin damina ɗaya bayan ɗaya

Ba duka ake tugewa ba. Barkono da attaruhu da tattasai, in dai lafiyarsu ƙalau, kar ka taɓa saiwarsu. Ka tsinke 'ya'yan da suka nuna, ka datse rassan da suka bushe ko suka yi tsayi da yawa, ka ɗan sassauta ƙasar gindin ka zuba taki ka ci gaba da ban ruwa, cikin sati biyu zuwa uku za ka ga sabon toho, kuma za su riga wanda ka rena sabo haihuwa da nisa. Haka gauta da yalo. Zogale ka sare shi daidai ƙugu ko ƙirji, zai fito da rassa da yawa a inda hannu ke kaiwa, maimakon ya tafi sama yana zubar da ganye.

Kuɓewa ita ba ta son sanyi, da ɗari ya sauka sai ta tsaya cak, ganyen ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Ni shawarata kar ka ɓata ruwa a kanta, ka tsinke ta ƙarshe a yanka a shanya, ka bar ƙwaya kaɗan su bushe a jiki don iri. Yakuwa kuma da rana ta fara gajarta fure take yi, ka bar ta ta yi maka zoɓo ka cire wajen Nuwamba zuwa Disamba. Rama da lalo a yanke a shanya a inuwa, ba a rana ba, don kar su yi ja.

Tumatirin damina kuwa, wanda ganyensa ya yi ɗigo-ɗigo baƙi ko ya nannaɗe, a tuge shi gaba ɗaya a ƙone, kar a jefa cikin ramin taki. Kuma duk abin da ka tuge ka duba saiwar. In ka ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, akwai wasu ƙananan tsutsotsi a ƙasar da ido ba ya gani, kar ka sake sa tumatir ko kuɓewa ko karas a wurin bana, ka sa albasa ko tafarnuwa, ko ka kifar da ƙasar ka bar rana ta gasa ta.

Na huɗu, reno

Nan ne nake so a nutsu, don rabin aikin a nan yake. Ƙarshen damina yana da abu biyu masu kashe ɗan tsiro, ruwan bankwana mai zuwa da iska da ƙarfi, da kuma zafin agazari da ke biyo baya a Oktoba. Saboda haka ba a ƙasa a fili za ka yi reno ba. Ka samu tsohon baho ko robar da ta fashe ko akwatin katako, ka huda ƙasansa sosai, ka ɗora a kan bulo a ƙarƙashin rumfa ko bakin baranda inda hantsi ke samunsa amma ruwan indararo ba ya dukansa. Ɗagawar tana kuma rage ɓarnar kaji, ko da yake ƙadangare shi babu inda ba ya hawa.

Ƙasar reno: kashi biyu ƙasa mai kyau, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya taki wanda ya ruɓe ya zama baƙi ba ya wari. A tankaɗe in da hali. Ka ja layi da yatsa, zurfin bai wuce santimita 1 ba, tsakanin layi da layi kamar faɗin tafin hannu, ka yafa irin da tazara, kar ka zuba shi cunkus, don in suka cunkushe sai su yi sirara dogaye kuma ruɓar gindi ta kwashe su a dare ɗaya. Ka rufe da ƙasa kaɗan, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, ka yayyafa ruwa ta cikin gwangwanin da ka huda da ƙusa. Tumatir da kabeji da latas cikin sati ɗaya sun fito, tattasai da attaruhu sukan kai kwana 10 zuwa sati biyu, kar ka ɗauka sun mutu. Ranar da ka ga sun fara ɓullowa ka ɗauke ciyawar nan take.

Sai ka kafa 'yan sanduna ka rufa tsohon gidan sauro a kai, ba tare da ya taɓa ganyen ba. Wannan ƙaramin abu ne amma shi ke tare farin ƙuda, wanda ke ɗauko cutar nannaɗewar ganye ya sa wa tumatir tun yana jariri, kuma cutar in ta shiga ba ta da magani sai tugewa.

Maganar iri. Ka je shagon masu kayan gona ka sayi wanda ke rufe a leda ko gwangwani, ka duba kwanan watan da ke jiki. Tumatir akwai UC82B da Roma VF, sun daɗe a hannun manomanmu kuma ba su da ruwa da yawa. Karas akwai Nantes, kabeji akwai Copenhagen Market, latas akwai Great Lakes, albasa kuwa 'yar Galmi ba ta da na biyu a yankinmu. In ka ga an rubuta F1 a jiki, iri ne mai kyau mai tsada, amma ba a ajiye 'ya'yansa don shekara mai zuwa, ba za su fito kamar uwarsu ba. In kuma tsohon iri ne da kai a ajiye, ƙirga ƙwaya 10 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka duba bayan sati, in ƙasa da 6 suka tsiro ka nemi wani.

Tsawon zama a reno: tumatir sati 3 zuwa 4, kabeji sati 4 zuwa 5, latas sati 3, tattasai da attaruhu wajen sati 6, albasa sati 6 zuwa 8 har ta kusa kaurin fensir. Sati na ƙarshe ka rage musu ruwa ka riƙa fito da su rana, su saba kafin a kai su fili.

Na biyar, gyaran wuri

Da damina kunya ake yi don ruwa ya wuce. Yanzu akasin haka ake so, kwami za ka yi, wato fangalin ya ɗan nutse ƙasa da kewayensa, da ɗan gefe a zagaye, duk ruwan da ka zuba ya tsaya a ciki. Kuma ka yi wannan haƙan tun ƙasa na da danshin damina, in ka bari ta bushe ta ƙanƙame sai ka jiƙa ta da ruwan kuɗi kafin fartanya ta shiga. Tun ran gini tun ran zane. Faɗin kar ya wuce mita 1 don hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba. Ka haƙa zurfin kamar taƙi ɗaya da rabi, ka cakuɗa bokiti guda na ruɓaɓɓen taki a kowane murabba'in mita. Kashin kaji ɗanye yana ƙone saiwa, sai an tara shi an riƙa jiƙawa ana juyawa na wata guda ko fiye. Inda za ka sa karas kuma kar ka sa sabon taki sam, kuma ka tsince duwatsu, in ba haka ba sai ya fito da ƙafafu biyu-uku.

Abu biyu da mutane ba sa lura da su. Na ɗaya rana, daga Oktoba tana karkata kudu, wurin da ke samun rana a Yuli zai iya zama cikin inuwar katangar kudu a Disamba, don haka ka lura da inda inuwa ke faɗawa, kayan nan suna son awa 6 na rana aƙalla. Na biyu iska, ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana busar da ganye tana kwashe danshi. Ka yi danga ta wannan ɓangaren, kuma ga kaka ta zo karan dawa da na gero ko'ina, kusan kyauta. Zana ma ta yi. Dangar dai dole ce ko don awaki, saboda da an gama girbi ake sakin dabbobi, kuma a unguwa kaf lambunka ne kaɗai kore.

Masu gidan haya ko tsakar gida mai siminti, buhu ya ishe ku. Buhun shinkafa, a naɗe bakinsa ya dawo rabi, a huda ƙasa da gefe, a cika da haɗin ƙasa da taki, tumatir ɗaya ko tattasai ɗaya a buhu, latas uku ko huɗu. Sai dai buhu yana saurin bushewa, a jera su manne da juna.

Na shida, dashe

Da la'asar sakaliya ake yi, ba da safe ba. Ka jiƙa wurin reno sosai tukuna, ka ciro kowane da ƙasarsa da cokali, ka dasa ka danna gindin ka ba shi ruwa nan take. Tumatir ka nutsar da shi har kusa da ganyen farko, jikinsa zai fitar da ƙarin saiwa, tazara santimita 50 zuwa 60, kuma ka kafa masa sanda tun yanzu. Kabeji 45 zuwa 50, latas 25 zuwa 30, albasa 10 zuwa 15 kuma ita ba a binne ta da zurfi. Kwana uku na farko ka ɗan kare su da ganyen darbejiya ko kwali in rana ta take.

Karas ba a dasa shi. Kai tsaye ake yafawa a layi, a haɗa irin da yashi don ya bazu, a rufe da buhun algarara a riƙa jiƙawa, yana iya kai sati biyu kafin ya fito kuma in saman ƙasar ya bushe sau ɗaya an yi asara. Bayan ya fito a rage shi, yatsa uku tsakanin kowane. Shi da latas gara a jira agazari ya wuce, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Latas kar ka zuba duka lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan duk sati biyu, in ba haka ba zai nuna rana ɗaya ka rasa yadda za ka yi da shi. Lansir ma haka, shi cikin sati uku an fara yanka.

Na bakwai, rufe ƙasa da ban ruwa

Da dashe ya kama, ka shimfiɗa abin rufi kaurin yatsa uku, busasshiyar ciyawa marar iri, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, duk abin da kaka ta bari. Yana rage shan ruwa ƙwarai. Amma ka bar ɗan fili a zagayen gindi, kuma ka riƙa ɗagawa kana dubawa saboda gara, in ka gan ta ka janye ka barbaɗa toka.

Ruwa da safe ya fi, a gindi ba a ganye ba. Ƙananan dashe safe da yamma, in sun girma sau ɗaya mai yawa ya fi ɗan yayyafi sau uku. Tura yatsa cikin ƙasa, in gaɓa biyu a bushe suke a ba da ruwa. Wata dabara mai kyau, ka binne tulu ko ƙaramar randa wadda ba a shafe ta da komai ba har wuya a tsakiyar fangali, ka cika ka rufe bakin, ruwan zai riƙa tsattsafowa saiwa na sha, ka yi kwanaki ba ka ƙara ba. In ka ga gindin 'ya'yan tumatir yana baƙi yana lotsawa, yawanci ba ƙwaro ba ne, ban ruwa ne ba daidai ba, yau ambaliya gobe ƙishirwa. Ƙurar hazo kuma in ta lulluɓe ganye, sau ɗaya a sati a ɗauraye da sassafe don su bushe kafin dare.

Takin zamani in za ka sa, NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane gindin tumatir ko kabeji, sati biyu bayan dashe, a binne nesa da jiki kamar yatsa huɗu a bi da ruwa, a maimaita in fure ya fara. Yuriya a yi hankali da ita, in ta yi wa tumatir yawa ganye za ka noma.

Ƙwari

Da daji ya bushe fara za ta dawo gidanka, ita kam da sassafe da sanyi ya kama ta ake tsince ta da hannu, yara ma za su taya ka da murna. Kabeji yana da 'yar koriyar tsutsa mai huda ganye daga ƙasa, ga darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ga wani ja mitsitsi mai saƙa kamar gizo-gizo a bayan ganyen tumatir da gauta in iska ta bushe sosai. Babban maƙiyi dai shi ne tsutsar nan Tuta absoluta da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016 har tumatir ya gagari talaka. Alamarta fararen zane a cikin ganye kamar an kankare, in ka ɗaga a rana za ka ga tsutsar a ciki. A ƙaramin lambu maganinta ido ne, kullum ka duba, duk ganyen da ka gani ka cire ka murƙushe ko ka ƙone.

Don feshi, 'ya'yan darbejiya busassu a ɓare a daka, kamar rabin kilo a lita 10 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan sa sabulun wanka kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma har bayan ganyen, duk sati. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, sai an jure. Don Allah kar a fesa fiya-fiya ko maganin sauro a abin da iyali za su ci. In dole sai maganin shago, a sayi wanda aka yi don kayan lambu, a karanta kwana nawa ake jira kafin tsinka, a kuma jira ɗin.

In Fabrairu ta yi nisa za ka ga albasa ta fara kwantar da wuya, a yanke mata ruwa kamar sati ɗaya zuwa biyu kafin cirewa, a shanya a inuwa mai iska har wuyan ya bushe. Tumatirin da ya yi yawa a tsaga a yi kauɗa a kan tabarma mai tsafta sama da ƙasa. Duk fangalin da ya tashi a ƙara masa taki a yafa alayyahu, a sa kuɓewar da aka ajiye irinta, su zafi ba ya damunsu in akwai ruwa, kuma alayyahu sati uku zuwa huɗu an fara yanka.